Yadda Mai Ciwon Sukari Zai Yi Amfani da Madadin Sukari a Shayi, Koko da Zoɓo

A mafi yawan gidajenmu, ranar da likita ya tabbatar wa mutum cewa yana ɗauke da ciwon sukari, abu na farko da iyali ke ɗauke masa daga gabansa shi ne gwangwanin sukari. Daga nan sai a shiga neman abin da zai maye gurbinsa, domin wanda ya shekara arba'in yana karya kumallo da koko mai zaƙi ko shayi mai kauri ba zai iya komawa shan salam-salam a dare ɗaya ba. Wani zai ba da shawarar zuma, wani ya ce dabino, wani kuma ya kawo 'yan ƙananan ƙwayoyi farare daga kantin magani ya ce wannan shi ne sukarin masu ciwon sukari. A kan waɗannan ƙwayoyi da danginsu na gari da na ruwa nake son yin bayani, domin suna da amfani na gaske, amma amfanin yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba yana iya cutar da kansa alhali yana ganin kiyayewa yake yi.

Abin da madadin sukari yake yi guda ɗaya ne: yana cire cokalin sukarin da ake zubawa a cikin abin sha, ya bar wa harshe ɗanɗanon zaƙi. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari. Mutumin da ke shan shayi kofi uku a rana, yana zuba cokali uku a kowane kofi, ya sha giram 36 ke nan daga shayi kaɗai, kafin a yi maganar lemon kwalba, wanda kwalba ɗaya ta santilita 35 kan ɗauki kusan cokali 9. Tun shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, ta kuma ce idan aka sauko zuwa giram 25 ya fi. Wannan ma'auni na masu lafiya ne. Saboda haka idan mai ciwon sukari ya cire giram 36 daga shayinsa, ya yi babban aiki, kuma na'urar gwajin sukarin jini za ta nuna masa hakan.

Sanin abin da aka saya

Abubuwan da ake kira madadin sukari gida biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin kuskuren da ake yi. Gida na farko shi ne na masu tsananin zaƙi, waɗanda ɗan ƙanƙani daga cikinsu ke yin aikin cokali guda na sukari, kuma ba sa ɗaga sukarin jini a karan kansu. Mafi tsufa a cikinsu shi ne sakarin, wanda Constantin Fahlberg ya gano a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a shekarar 1879, kuma ya ninka sukari zaƙi kusan sau 300, sai dai yana barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro idan ya yi yawa. Akwai asfatam, wanda James Schlatter ya gano a 1965, mai ninka sukari kusan sau 200, shi ne kuma aka fi samu a lemon kwalba marar sukari. Akwai sukuralos, wanda daga sukari aka sarrafa shi ta yadda jiki ba ya ƙona shi, ya ninka sukari kusan sau 600. Akwai asesulfam, wanda kamfanoni kan gauraya da asfatam ko sukuralos domin ɗanɗanon ya yi kama da na sukari. Sannan akwai sitibiya, wadda ake tacewa daga ganyen wani tsiro da asalinsa ƙasar Faraguwai ce a Kudancin Amurka, inda mutanen Guarani suka daɗe suna sa shi a abin shansu. Kasancewar sitibiya daga ganye take bai sa ta zama magani ba, aikinta daidai yake da na sauran.

Gida na biyu shi ne na waɗanda ake samu a alewa, cingam, biskit da cakulan da aka rubuta wa cewa babu sukari a cikinsu, irin su sobitol, maltitol, zailitol da eritiritol. Waɗannan zaƙinsu bai wuce na sukari ba, don haka ana zuba su da yawa, kuma jiki yana shanye wani ɓangare nasu. Maltitol musamman yana ɗaga sukarin jini, ko da yake bai kai sukari ba, kuma idan aka ci su da yawa suna kawo kumburin ciki, iska da gudawa. A Turance ana haɗa sunan wannan gida da kalmar da ake kiran barasa da ita, abin da kan tayar wa Musulmi hankali idan ya gani a jikin kwali. Sunan ya samo asali ne daga tsarin sinadarin kawai, babu abin sa maye a cikinsu.

Kafin a biya kuɗi, a juya kwalin a karanta jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Sunayen za su zo da Turanci ko Faransanci, amma sau da yawa akwai lambobi da ba sa canzawa: E950 asesulfam ne, E951 asfatam, E954 sakarin, E955 sukuralos, E960 sitibiya, E420 sobitol, E965 maltitol, E967 zailitol, E968 kuma eritiritol. Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, garin da ake sayarwa a 'yan ƙananan fakiti galibi an cika shi da maltodekstirin ko dekstiros domin ya yi auki, kuma waɗannan biyun suna ɗaga sukarin jini. A fakiti ɗaya adadin kaɗan ne, kusan giram guda, amma wanda ke zuba shi cokali-cokali a tukunyar kunu ya fara tara abin da yake gudu. Ƙwayoyi da na ruwa mai ɗigowa sun fi tsarki ta wannan fuska, shi ya sa na fi ba da shawararsu ga mai shan shayi. Na biyu, akwai waɗanda aka gauraya rabi sukari rabi madadi domin masu yin kek, kuma akwai lemon kwalba da ake haɗa wa sukari da madadi tare. Ganin sunan madadi a jiki bai nuna babu sukari ba, sai an duba layin da ke faɗin adadin sukari da na sitaci a kowane giram ko mililita 100. A Najeriya a tabbata akwai lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Zuma, dabino, mazarƙwaila, ruwan rake da jan sukari duk ba sa cikin wannan lissafi. Abinci ne masu daraja a wurinmu, amma zaƙinsu na sukari ne na ainihi, kuma jinin mai ciwon sukari yana karɓarsu kusan yadda yake karɓar farin sukari. Wanda ya cire cokali biyu na sukari ya zuba cokali biyu na zuma bai rage komai ba.

Inda yake taimakawa da inda ba ya isa

A nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa. Zoɓo shi ne abin shan da madadin sukari ya fi yi wa aiki, domin idan aka dafa zoɓo da citta da kanumfari aka tace, kusan babu abin da zai ɗaga sukarin jini a cikinsa sai abin da aka zuba daga baya. A bari ya huce, a ɗiga madadin kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, sannan a guji ƙara masa ruwan abarba mai yawa ko garin ɗanɗano na fakiti, domin yawancinsu da sukari aka haɗa su. Haka shayi baƙi yake, da shayin na'a-na'a ko na citta. Matsalar shayi tana shigowa ne ta wajen abokan tafiyarsa: madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, garin cakulan irin su Milo da Bournvita, da fakitin kofi ko shayi da aka riga aka haɗa da madara da sukari. Wanda ya je teburin mai shayi ya ce kada a sa masa sukari, ya jefa ƙwayarsa, amma aka zuba masa cakulan cokali uku aka haɗa masa da rabin burodi, sukarinsa zai hau, kuma ba laifin ƙwayar ba ne.

Koko, kunun zaƙi, kunun tsamiya, kunun gyaɗa da fura kuwa labarinsu daban ne. Gero, dawa, masara da shinkafa sitaci ne, kuma da zarar sitaci ya shiga hanji jiki yana farfasa shi ya koma gulukos, wato ainihin sukarin da na'ura ke aunawa a jini. Gasarar da aka tace aka dama ta yi sumul tana narkewa da sauri fiye da tuwon da aka ci da miyar ganye, domin an raba ta da dusarta. A kunun zaƙi kuma sau da yawa ana sa dankali, wanda shi ma sitaci ne mai zaƙi, nonon fura yana da nasa sukarin na madara. Saboda haka babban kofin koko da aka sa wa madadi zai iya ɗaga sukari fiye da ƙaramin kofin da aka sa wa rabin cokalin sukari. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da madadin, a kuma rage girman kofin, a haɗa kokon da abin da ke rage saurin narkewarsa kamar ƙosai kaɗan, dafaffen ƙwai, alala ko gyaɗa, a bar burodi a wannan zaman. Na ga mutane da dama da suka ɗauka cewa tunda sun sa ƙwaya a koko to an ba su lasisin shan kofi biyu, kuma wannan tunani ya fi cokalin sukarin da suka bari illa.

Wajen girki, asfatam ba ya jure wuta, zaƙinsa yana gushewa idan ya daɗe yana tafasa, don haka sai an sauke tukunya abin ya ɗan huce a zuba shi. Sukuralos da asesulfam da sitibiya sun fi jure zafi. A cincin, kek, dubulan ko alkaki kuwa, sukari ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke ba da auki da laushi da jan launi, kuma madadi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko an yi nasarar haɗa su, fulawa da mai suna nan yadda suke, don haka a ɗauke su a matsayin abin marmari na ranar salla ko biki, a ci ɗan kaɗan.

Nawa ne ya isa

Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade adadin da mutum zai iya sha kullum tsawon rayuwarsa, gwargwadon nauyin jikinsa. Ga kowane kilo ɗaya na nauyi, an ƙayyade miligiram 40 na asfatam, 15 na sukuralos, 5 na sakarin, da 4 na sinadarin zaƙin sitibiya. Mai nauyin kilo 60 ke nan iyakarsa miligiram 2,400 na asfatam, 900 na sukuralos, 300 na sakarin a rana. Wanda ke jefa ƙwaya ɗaya ko biyu a kofin shayi sau uku a rana yana nesa da waɗannan iyakoki. Inda nake jin tsoro shi ne tsantsar garin sakarin da ake sayarwa a ƙulle a leda a kasuwa babu suna babu lamba, wanda wasu masu sana'ar kunu da zoɓo ke amfani da shi saboda tsadar sukari. Rubu'in cokalin shayi na irin wannan gari zai iya kusantar giram guda, wato ya ninka iyakar mai kilo 60 har sau uku, kuma ba wanda zai iya tabbatar da abin da aka gauraya a ciki. A bar shi, a sayi wanda aka auna aka rubuta adadinsa.

A watan Yuli na 2023 labari ya bazu cewa asfatam yana kawo cutar daji. Abin da ya faru shi ne, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, bisa hujja mai rauni, a daidai lokacin kuma kwamitin ƙwararrun da na ambata ya sake duba hujjojin ya bar iyakar miligiram 40 yadda take, aka kuma bayyana cewa mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemo marar sukari kowace rana kafin ya wuce ta. A watan Mayu na shekarar kuma hukumar ta ba da shawarar kada jama'a su dogara da madadin sukari domin rage ƙiba, amma ta fito fili ta ce wannan shawara ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Akwai kuma binciken da aka yi a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila aka wallafa a 2022, a kan mutum 120 masu lafiya, wanda ya nuna cewa sakarin da sukuralos sun sauya ƙananan halittun da ke rayuwa a hanji, wato bakteriya, tare da yadda jikin wasu ke sarrafa gulukos, kuma abin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A 2023 wani bincike daga asibitin Cleveland na Amurka ya danganta yawan eritiritol a jini da daskarewar jini a jijiyoyi, don haka mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ya tuntuɓi likitansa kafin ya riƙe shi. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne a sha kaɗan, kuma a riƙa rage shi. Duk mako biyu a rage adadin da ake sawa, daga ƙwaya biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi, domin harshe yana sabawa, kuma bayan 'yan watanni shayin da a da ake jin sa salam sai a fara jin ɗanɗanon ganyensa. Ƙishirwa kuwa ruwa ne maganinta.

Masu cutar gado da ake kira fenilketonuriya ba sa shan asfatam ko kaɗan. Mai juna biyu da aka gano tana da ciwon sukari a lokacin goyon ciki ta nemi shawarar likita ko ungozomar asibiti kan wanda za ta zaɓa, musamman da yake sakarin yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri. Ba a ba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyu madadin sukari.

A bar na'ura ta yi hukunci

Tunda jikin kowa da yadda yake karɓar abu, hanyar da ta fi inganci ita ce gwaji. A zaɓi karin kumallo guda ɗaya da aka saba, misali koko kofi ɗaya da ƙosai uku, a auna sukari kafin a fara ci, a sake aunawa bayan awa biyu daga lomar farko, a rubuta a littafi. A maimaita kwana biyu ko uku da kofi iri ɗaya a lokaci ɗaya, ana sa madadin, sannan a gwada da rabin kofin a ga bambanci. Ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ke bayarwa ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 mg/dL kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan ci, wato 4.4 zuwa 7.2 da ƙasa da 10 ga na'urar da ke aunawa da mmol/L. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci takardar gwaji kan zo da giram a lita, inda 180 ke zama 1.80. Likita na iya ba mutum nasa ma'aunin daban gwargwadon shekaru da yanayin lafiyarsa. Tsinken gwaji yana da tsada, na sani, shi ya sa ya fi kyau a kashe guda shida ko takwas a kan abincin da ake ci kullum, da a riƙa gwaji barkatai babu abin da ake kwatantawa. Idan an je asibiti a tafi da littafin da kwalin madadin a nuna wa likita.

Akwai wuri ɗaya da madadin sukari zai iya jefa rai cikin haɗari, kuma dole mai ciwon da iyalinsa su san shi. Wanda ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, gilimefiraid ko gilikilazaid, an daidaita maganinsa ne da abincin da ya saba ci. Idan ya cire sukari mai yawa lokaci ɗaya bai sanar da likita ba, maganin zai iya fin ƙarfin abincin, sukarin jini ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, da ruɗewa ko saurin fushi. A wannan hali ƙwayar madadi da lemo marar sukari ba su da wani amfani, domin harshe zai ji zaƙi amma babu abin da zai shiga jini. Abin da ake bukata shi ne giram 15 na sukari na ainihi, wato ƙananan cokula huɗu a ɗan ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko kimanin rabin kofi na lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake aunawa, idan bai haura 70 ba a maimaita, idan ya haura a ci abinci. Mai azumin da ya ga sukarinsa ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, shawarar likitoci ita ce ya karya azumin nan take, kuma tun kafin watan Ramadan ya kama ya kamata ya je a daidaita masa lokacin magani da adadinsa.

Don haka kada a kawar da gwangwanin sukari daga gidan gaba ɗaya. A ajiye shi a inda kowa ya sani, a rubuta a jikin na madadin domin kada yaro ko mai ɗaki su ɗauko shi cikin gaggawa, mai ciwon kuma ya riƙa yawo da ƙwayoyin sukari na ainihi, ba na madadi ba, huɗu ko biyar a aljihu ko a jaka, a kasuwa, a gona, a masallaci ko a mota. Idan har ya suma ko ya kasa haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa ma'aikatan sunan maganin da yake sha da lokacin da ya sha shi.